Masu Gadin Ganuwar Rumawa

Wata la'asar muna makarantar sakandare, Malam Isa, malamin tarihinmu, ya hau da mu kan badalar Kano. Ya murza ƙasarta a tafin hannu, ya ce Rumawa ma sun gina irinta a Ingila, amma da dutse. Masu gadinta kuwa daga nesa aka kwaso su, har daga Afirka.

Na ce, "Malam, yaushe suke zuwa gida?"

"Kai yaro, wa zai ba su izini? Wasu can aka binne su."

Na yi dariya, na ce ni da tuni na gudu.

Yau ina ɓoye a wani ɗaki a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na yi ganganci bizata ta ƙare. Inna tana kwance ba lafiya a Kano tana cigiyata, ni kuwa ko matakala na kasa sauka don tsoron 'yan sanda.