Awarwaron Laulayi

Tun da aka fito da awarwaron laulayi, mai ciki ba ta fashin aiki. Ta sa ɗaya, wata ta sa ɗaya, tashin zuciyar ya koma kan waccan. Gwaggo Laure, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ita ke ɗaukar wa Rumasa'u.

Rumasa'u ta yini tana suyar kifi a kasuwa, jikinta sakayau kamar a mafarki, ƙarni bai dame ta ba. Da yamma ta kai wa Gwaggo tsamiya, ta tarar da ita kwance, ta rame, tana murmushi.

"Sannu, Gwaggo. Na wahalar da ke."

"Wace wahala, 'yar nan? Ɗazu da hantsi ɗan ya motsa."

Rumasa'u ta dafa nata cikin, ba motsi. Gwaggo kuwa nata take shafawa a hankali.