Kwalba Ta Bakwai

A ƙarƙashin madubin ƙara girma, Dezső ya kama ƙwayar jini da tsinken haske biyu na na'urarsa, ya ja ta. Ta ƙi miƙewa kamar yadda ta mai lafiya ke yi. Ya kama wata, ita ma ta ƙi, daidai da jinin majinyatan da suke nazari, waɗanda ba kasafai suke wuce shekara biyu a raye bayan an gano cutar ba.

Amma wannan kwalba ta bakwai ce, a jerin masu lafiya. A ɗakin bincikensu na birnin Szeged, ma'aikata ne ke ba da jininsu a kwatanta da na majinyata. Ya duba takarda. Ta bakwai, Piroska, abokiyar aikinsa ta shekara ashirin, wadda ɗanta zai yi aure ran Asabar.

Kwana uku bai sake taɓa wata kwalba ba. Ya faɗa mata, ya ɓata bikin? Ya yi shiru, ya cinye mata kwanakin neman magani?

Ran Alhamis ta dire masa kofi. "Kai tsoho, wannan fuskar za ka kawo min biki?"

"Zauna, Piroska. Na duba jininki. Ki je asibiti yau."

Ta tuntsire da dariya. "Jinina? Ni da nake suma in na ga allura? Ban taɓa bayarwa ba! Kullum daga kwalbarka nake ɗiba in zuba a tawa."

Sai dariyar ta mutu a bakinta.

Dezső ya juya a hankali, ya dubi kwalba ta takwas, mai ɗauke da sunansa.