Noti Shida a Kofi

Karo na uku ke nan a wata guda ina hawa rufin gidan tsoho Mista Hollis, don korar dabbobi daga gidaje ne sana'ata. Gwiwoyina sun gaji, tsanin ma ya gaji.

Na haska fitila cikin bututun hayaƙi. Uwar rakun, wata dabbar dawa mai kama da tunku, ta ɗago fuskar nan tata irin ta ɓarayi, 'ya'yanta huɗu na tsotso. Murfin ƙarfen da na ɗaure a bakin bututun da noti shida makon jiya ya yi ɓatan dabo.

Gwen, 'yar tsohon, ta ƙwala mini kira daga ƙasa. "Lonnie, ka raba mu da dabbobin nan! Masu sayen gidan sun ce ba za su sa hannu ba sai sun fita. Ga ɗakin Baba can a gidan tsofaffi yana jira."

"Ranki ya daɗe, sau biyu ina korarsu ina rufewa. Rakun akwai wayo, amma ban taɓa ganin wanda ya kwance noti shida ba."

Na sauko neman ruwa. A kicin na tarar da tsohon yana buɗe gwangwanin kifi irin na abincin kyanwa, alhali ba shi da kyanwa. A gefensa ga kofi, ga notina shida a ciki.

Muka kalli juna.

Ya rage murya. "Ɗana, shekarata hamsin da ɗaya a gidan nan. In waɗannan sun girma sun tafi, wace dabba ce kuma ke son bututu?"

Na shanye ruwana.

Na ce, "Jemagu, Baba. Su in sun haihu, doka ma ta hana a taɓa su."