Madubin Bindiga da Kuregen Gonar Gyaɗa

Ranar Laraba, tara ga watan Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, wasu manoma biyu taubasai suka tsaya a rumfar mai sayar da kayan farauta a kasuwar birni. Gonakinsu na gyaɗa suna jere a gindin wani tudu, kurege kuma ya mai da tudun gari, rami bayan rami. Babban cikinsu tsoho ne, da ƙuruciya maharbi ne, ba ya kuskuren bara, amma yanzu idonsa ya fara yin hazo. Gyaɗar da ke gonarsa jar gyaɗa ce mai ƙananan ƙwaya, irin da ya gada wurin mahaifinsa. Duk yankin babu sauran mai shuka ta sai shi da taubashin nasa, in kurege ya cinye ta bana, ta ƙare ke nan. Kowannensu yana da bindigar iska, abin da suka zo nema shi ne madubin hange da ake ɗaura mata, daidai ƙarfin aljihun manomi. Mai rumfa ya ɗauko guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko dogo ne mai faɗin baki, sai ƙyalli yake. Ƙaramin cikin manoman ya ɗora shi bisa kanta ya leƙa, ya hango ungulu a kan rufin mahauta can ƙarshen kasuwa, har yana ganin ƙiftawar idonta, nan take ya ce a naɗe masa. Tsohon bai yi hanzari ba. Ya ɗaga dogon a tsaye ba tare da ya jingina ba, sai ya ga ungulun tana rawa da kowane numfashinsa, da ta tashi kuma ya neme ta ya rasa. Ya bubbuga shi a tafin hannu ya kai kunne, ya ji wani abu yana motsi a ciki. Ya ajiye. Ya ɗauki gajeren, wanda ba ya jawo abu kusa sosai, ya leƙa cikin inuwar rumfa ya ga komai tangaran, ya bubbuga shi, shiru. Ya biya, ya ƙara da maɗauri mai ƙarfi.

"Bawana, da wannan guntun rake za ka yi yaƙi?" in ji taubashin. "In ka gaji, ka zo in ara maka ido."

Tsohon ya ce ya gode, shi dai ba kallon kurege ya zo saye ba.

Washegari tun hantsi ƙaramin ya hau tudu yana harbi. Tsohon kuwa bai nufi ko kurege ɗaya ba. Ya kafa sakaina a jikin suri, daidai nisan da ke tsakanin kukar gonarsa da ramukan, ya zauna yana harbi yana murza saiti kaɗan kaɗan, har dalma ta riƙa faɗawa inda zare biyun da ke cikin madubin suka gicciya. Masu wucewa suna cewa tsufa ya sa shi yaƙi da ƙwarya. Matarsa ma ta tambaye shi ko sakaina ce ke cin gyaɗar, ya ce mata ta bari tukuna. Shi ya san halin bindigar iska, tana dukan gaba tana dukan baya, madubin da cikinsa bai ɗauru ba ba zai jure ba. Ya kuma san halin kurege: yakan miƙe tsaye a bakin rami ya duba hagu ya duba dama, sai ya nutse. Haka ya kasance. Ƙaramin yana ganin gashin bakin kurege ɗaya bayan ɗaya in ya same shi, amma kafin ya lalubo shi cikin ƙuntatacciyar tagar madubinsa ya shige, in ma ya taɓa kunamar bindiga sai ƙura ta tashi kamu guda a gefe. Kafin mako ya zagayo gicciyen cikin madubin ya karkace. Tsohon kuma ya jingina da kuka, gwiwa ƙarƙashin bindiga, yana ganin rami uku a leƙe guda. Bai yi harbi da yawa ba. Da la'asar dai yakan sauko da abin da ya samu rataye a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar gari, ba ya sauri, kamar yadda yake yi shekarun da gashinsa ke baƙi.

Da aka cire gyaɗa, gonar ƙaramin harawa ce kawai da ɓawo. Ya zo da yamma ya tsuguna, ya ajiye dogon madubin a gefe, ya ce, "Yaya, a taimaka mini da iri." Tsohon ya cika masa ƙwarya har tana zuba, ya ce ai bawa ba ya roƙon ubangidansa sau biyu. Waɗanda suka rage a gindin tudun bayan haka su ne tsohon da idonsa mai hazo, da matarsa tana ɓarar gyaɗa, da taubashin riƙe da ƙwarya, da jar gyaɗar mahaifinsa, da wani tsohon kurege mai guntun wutsiya wanda ya sha shiga cikin gicciyen, tsohon yana sauke bindiga, don ya ce sa'ansa ne. Shi ya sa Hausawa ke cewa, hangen Dala ba shiga birni ba ne.