Zanen Yatsun Baba

Na'urar ta nuna ja. Ma'aikacin ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake danna babban yatsan dattijon a kai. Ta ƙara nuna ja.

"Babu zane ko ɗaya," ya ce wa Munira. "Kirci ya cinye yatsun. Ku je a gyara hannun, ku dawo kafin ƙarshen wata. Daga nan an rufe."

Biron nan na Mayahi, ofishin hukuma, yana raba filin lambu da injin ban-ruwa ga mutanen da aka koro daga Aljeriya. Ba a tambayar takarda, don yawancinsu da rigar jikinsu kaɗai suka dawo. Ran da aka sauke su a iyaka an ɗauki yatsun kowa da sunansa, yatsan kawai ake nema.

Munira ce ta jiyo labarin, ita ce kuma ta ja Baba har wurin. Shi bai so zuwa ba. Amma tun ran da ta ji ya ce in kaka ta wuce bai sami abin yi ba zai koma arewa, ba ta sake cin abinci ta ji ɗanɗanonsa ba.

Tana da shekara biyu mahaifinta Sabiru ya bar garinsu Tchaké neman aikin gini. Uwarta ta dawo da ita Mayahi wurin wata gwaggo, daga baya uwar ta rasu, gwaggon ma ta bi ta. Munira ta rage daga ita sai keken ɗinki. Wata takwas da suka wuce Baba ya yi sallama a ƙofar gidan, ya rame, da hotonta na jinjira a hannu.

A farmasi, wurin sayar da magani, wata mata mai suna Rabi'atu ta juya hannuwan ta duba. Fatar ta yi kauri, ta yi furu-furu, ta tsattsage a kowace gaɓa.

"Aikin siminti ne," ta ce. Ta ɗauko wani man shafawa. "Wannan akwai omega a ciki, irin maiƙon da ake samu daga 'ya'yan itatuwa. Yana taimaka wa fata ta riƙe ruwa ta rufe tsagar. Safe da yamma, da an wanke hannu, tun da sauran danshi. Ban da omo, ban da siminti. In ya fara ruwa ku tafi likita."

Washegari Munira ta kai masa ruwa zaure. Can yake kwana tun zuwansa, ya ce ya saba da iska. Ta matso man a tafinta ta ce ya kawo hannu.

"Bar shi, na shafa da kaina."

"Kai da ba ka iya lanƙwasa yatsa? Kawo, Baba."

Ya miƙa, ya kau da kai wajen bango. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta jin tausayi, ba ta jin ƙyama. Aiki ne, kamar kalmasa bakin zane.

Kwana goma, hannun bai canza ba. Wani wuri ma ya ƙara darewa.

Ran na sha ɗaya, bayan la'asar, zare ya ƙare mata ta fito da wuri. Ta same shi tsugune bayan katanga, hannuwansa biyu cikin bokitin omo, yana cuɗa su da yashi.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauke bokitin ta zubar a kwata. Ta ɗebo ruwa mai kyau ta ɗauraye hannuwan, ta shafe su da man, ta naɗe da ƙyallayen da suka rage mata na ɗinki.

"In ka sake tafiya," ta ce, tana ɗaure na ƙarshe, "wa gare ni?"

Ya daɗe yana kallon ƙyallayen. Daga ranar bai ƙara musu ba. Bai ƙara doguwar magana ba kuma. Ta ce su je Tchaké ran kasuwa ya ga sauran danginsa, ya ce sai hannu ya warke.

Tsagar ta fara haɗewa. Ɓawon ya zube. A mako na uku ta ɗaga babban yatsansa wajen hasken ƙofa, ta ga zane siriri yana zagayawa. Ta yi tsammanin za ta yi murna. Sai kawai ta rufe man ta mayar aljihu.

Ranar ƙarshen wata tana gaba yana biye, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya rataya jakar da ya zo da ita. Ta ce jakar ta mece ce, ba nisa za su ba. Ya gyara ratayar jakar ya ci gaba da tafiya.

Da layi ya zo kansu, ba ta ma kama masa hannu ba. Da kansa ya ɗora yatsan.

Na'urar ta nuna kore.

"Madalla," in ji ma'aikacin, yana karantawa. "Danda Liman, Gidan Amumune. Fili mai lamba tara."

"Sabiru," Munira ta gyara masa. "Sabiru, Tchaké."

Ma'aikacin ya juyo mata da fuskar na'urar. Hoton Baba ne, da ƙurar hanya a gemunsa.

Dattijon ya sauke hannunsa a hankali, idonsa a ƙasa.

"Ni na binne Sabiru da hannun nan," ya ce. "Rasuwarsa na zo in faɗa maki, ɗiyata, sai kika buɗe ƙofa kika ce min Baba."