Gado ko Aro

Ma'aikacin gwamnatin bai jira a nuna masa hanya ba. Yana sauka daga mota ya kama turbar da ke bayan rijiya, Mamman da maigari Dado suna biye da shi da sassarfa.

Kwana biyu kacal fara ta yi a gonakin wannan ƙauye na yankin Gangara, ta tashi ta bar musu kara tsaye. A rumbun Mamman ko tiya goma ta gero babu, ga baki tara a gida. Da aka ji gwamnati za ta ba da kuɗin taimako, har guɗa matarsa Asibi ta yi. Daga baya aka ji sharaɗin: mai gona kawai za a rubuta, ban da ɗan aro.

Mamman kuwa ɗan aro ne. Shekarar babban fari, shekara arba'in ke nan, wani Buzu mai suna Rissa ya damƙa masa gonar nan ya yi arewa da iyalinsa, ya ce sai ya dawo. Bai dawo ba. Duk waɗanda suka shaida aron sun rasu, sai Dado, shi kuma mutum ne da bakinsa ba ya ajiye magana.

Ma'aikacin ya bi iyaka yana taka ƙafa, bai kauce ko sau ɗaya ba. Ya ɓalle zangarniya ya murza, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Da ya kai kusurwar gabas, inda sabara ta yi duhu, sai ya tsaya ya juya musu baya. Ya daɗe a nan. Mamman ya ce a ransa lissafin faɗin gonar yake yi.

Ma'aikacin ya dawo ya buɗe takardunsa.

"Baba, gonar nan gado ce ko aro?"

Mamman ya saci kallon Dado. Dado ya duƙufa yana cire ƙarangiya daga wandonsa, kamar don ita ya fito.

"Gado ce, Mushe," in ji shi, yadda suke kiran ma'aikatan gwamnati.

"Daga wa?"

"Daga mahaifina."

Alƙalamin bai motsa ba. Tsoro ya kama Mamman sosai, don ya ji an ce wanda ya yi ƙarya hannun jami'an tsaro na jandarma za a miƙa shi. Amma yunwa ta fi jandarma kusa da gidansa.

"Ka san abin da na sa wa hatimi ya zauna ke nan," in ji ma'aikacin a hankali. "Ko mai gonar ya zo gobe, takardar nan za a buɗe masa. Na sake tambayarka, Baba."

Dado ya yi gyaran murya. Mamman ya tuna Rissa, ya tuna kuma jikokinsa da suka wuni jiya da ruwan kanzo, sai ya riga maigari magana.

"Gado ce."

Ma'aikacin ya dube shi har Mamman ya sunkuyar da kai. Sannan ya rubuta, ya buga hatimi, ya kama babban yatsan tsohon ya dangwala.

"Ranar kasuwa ka je Tanut ka karɓi kuɗinka."

Mamman ya yi ta zuba godiya har bakin mota, kunya da murna sun cakuɗe masa. Ma'aikacin ya shiga ya rufe ƙofa, sannan ya leƙo.

"Gona ta zama taka, Baba, na yafe. Sai dai kar ka bari a nome wajen sabarar can. Kai ka riƙe hannuna ranar da ku da mahaifina Rissa kuka binne uwata a wurin."