Lallen Dandali

Mai gari ya karyo reshen lalle mai fure, ya kai hanci ya lumshe ido, sannan ya miƙa wa madugun fataken da suka zo daga Zazzau. Ita kuwa tsohuwar da ke sharar dandalin, miyau ne ya cika mata baki, ta rasa inda za ta tofar.

Shekarar da cutar agana ta shiga garin, nan gabashin dandali aka haƙa rami ɗaya aka zuba mutane, ba wanka ba likkafani, don masu haƙar kabarin ma sun ƙare. Da cutar ta lafa, dattawa suka roƙi a kewaye wurin da ƙaya, don mai wucewa ya gane ya yi addu'a. Mai gari ya ce ƙaya a tsakiyar gari korar baƙi ce. Lalle za a dasa, gari ya yi ƙamshi.

Ya kuwa yi ƙamshin. Duk ƙasar Malumfashi babu lalle mai kama jiki irinsa. Har daga Danja ake aikowa nemansa don amare, shi kansa mai gari da shi yake rina gemu.

"Iya," ya kira ta yana shafa gemun nan jawur, "ke da ke kula da shi, faɗa wa baƙona sirrin lallen nan."

Ta jingine tsintsiya, ta durƙusa.

"Babu wani sirri, ranka ya daɗe, taki ne. Mijina da 'ya'yana biyu suna ƙarƙashin wanda ka karyo."